Wake Na Ƙonewa

Shondra ta soka wa Cleophus Gandy allura biyu a hannun hagu, ta tada injin wankin ƙoda, sannan ta ƙaro muryar talabijin ɗin da ke maƙale a bango.

"Rage shi," in ji Cleophus.

"Haba Dattijo, Bernadine ce fa za ta shigo," nas ɗin ta ce. "In na rage, 'Yar'uwa Ozella sai ta cinye ni ɗanya."

Ya jingina da kujera. Wanda aka ɗaure da roba ba ya gardama da mai riƙe da rimot. Jininsa ya fara fita ta wannan bututu yana komawa ta wancan. Daga nan har rana ta raba, ba tashi, ba juyi.

Wasan barkwanci ne da ake nunawa daren Alhamis, a maimaita safiyar Juma'a. Labarin wata baƙar mace ne, Bernadine, da aka zaɓa magajiyar wani ƙaramin gari. Ga ƙatuwar hula, ga jan farce, ga murya kamar ta mai gwanjo. In mutane suka kawo kukan ruwa ko na hanya, sai ta shige ƙarƙashin tebur. In an zaƙulo ta, ta ɗaga yatsa, ta murguɗa wuya, ta ce, "Ba yau ba, ɗan nan!"

Duk jihar Alabama dariya ake yi. Amma a garin Tarver dariyar ta san gidan da take zuwa, domin magajiyar garin baƙar mace ce, ita ce ta farko, kuma 'yar Cleophus ce, sunanta Verlene. Verlene ba ta sa hula sai ran Lahadi, ba ta kuma taɓa ɗaga murya a majalisa ba. Duk da haka tun bazara sunanta ya ɓace. Masu kwasar shara, matan kanti, har fasto sau ɗaya a kan mimbari, kowa Bernadine. Ran Talata za a yi zaɓe, kuma ɗan gidan Strickland mai sayar da taraktoci, wanda ke neman kujerar, ya bi turakun lantarki ya manna hoton Bernadine a ƙarƙashin teburinta.

"Wayyo cikina!" 'Yar'uwa Ozella ta ce daga kujerar dama. Tsohuwar mai dafa abincin makaranta ce, cocinsu ɗaya. "Ku dubi takalmin nan! Matar nan ita za ta kashe ni, ba ƙoda ba."

A kujerar hagu kuwa Doyle Huckaby ne, farar fata, wanda Cleophus ya yi wa ubansa aiki a gonar auduga. Yanzu ciwo ya jera su wuri guda. Shi Doyle tun kafin a kai wurin dariya yake fara tasa.

"Cleophus, faɗa mini gaskiya," ya ce yana share hawaye, "ba ku kuka sayar musu da labarin nan ba?"

"Mista Doyle, kula da hannunka. Allurar za ta fita."

"Dattijo, saki fuskar nan mana," in ji Ozella. "Ni tun ina yarinya, in ka ga irinmu a cikin akwatin nan, to tsintsiya ce a hannunta. Wannan kuwa ita ke da ofis, ita ke korar mutane. Bar ni in yi dariyata."

"A ƙarƙashin tebur take."

"Teburinta ne dai!"

Ɗakin ya kwashe, har Shondra da ke duba injin wani.

A talabijin Bernadine ta hau dandamali za ta yi jawabi gaban gwamna. Ta gyara hula, ta buɗe baki. Sai ubanta, wani tsoho mai giɓi da wandon noma, ya leƙo ta tagar mota ya kwarara kira: "Bernadine! Wake na ƙonewa!" Ta watsar da takardu ta arce, takalmi a hannu. Kowane mako haka yake yi mata, kowane mako kuma kamar yau aka fara. Doyle ya yi ta dukan hannun kujera.

Cleophus ya rufe ido, amma kunne ba shi da marfi. Ya san wannan dariyar. Ya fara jin ta yana saurayi, ran da ya sa rigar coci ya je kotun gunduma yin rajistar zaɓe, aka miƙo masa shafin doka aka ce sai ya karanta kafin a yi masa, kamar yadda ake yi wa baƙaƙe don a hana su. Ya tsaya da takarda a hannu, akawuna na dariya. Washegari uban Doyle ya sallame shi daga aiki saboda zuwa rajistar. Abin da ya fi cin ransa yau shi ne, dariyar Ozella ta gauraya da ta Doyle, ya kasa raba su.

Verlene ce ke ɗaukar sa ran Juma'a, amma yau ta zo da wuri. Tana tafe da kwali a hannu, bayanta wata 'yar birnin Birmingham mai suna Latrice, wadda ke tafiyar mata da yaƙin neman zaɓe. Verlene ta bi kujeru tana gaida kowa da sunansa.

"Ga ta nan da kanta!" Doyle ya ce. "Bernadine, ya waken?"

Cleophus ya dubi muƙamuƙin 'yarsa. Ya ga ya ɗaure, irin na uwarta. In ta yi fushi, Bernadine ce. In ta yi dariya, Bernadine ce. Ƙofa biyu, duk ɗaki ɗaya suke shiga.

Ta ajiye kwalin ta buɗe. Hula ce ruwan ɗorawa, faɗinta kamar faifai, da gashin tsuntsu a gefe. Ta ɗora a kai. Ta ɗaga yatsa, ta murguɗa wuya.

"Ba yau ba, Mista Doyle!"

Ɗakin ya ɗauka. Ozella ta yi ta kiran sunan Yesu, har injinta ya fara ƙara, Shondra ta ruga. Doyle ya yi tari ya ce, "Na rantse, yarinya, kin samu ƙuri'ata." Yarinya, matar da ta ba hamsin baya. Latrice tana riƙe da waya tana ɗauka, tana gyaɗa kai.

Verlene ta jawo 'yar kujerar nas ta zauna kusa da ubanta, ta rage murya.

"Baba, kar ka dube ni haka."

"Ban san mai hular ba."

"Baba, saurare ni. Na yi shiru, sun ce girman kai. Na rubuta wa jarida, sun ce ga halin ya fito. Strickland yana gabana a yawan magoya baya, kowa ya sani. In ya hau, motar gari da ke kawo ku nan ita zai fara tsayarwa, da bakinsa ya faɗa. 'Yar'uwa Ozella a ƙafa za ta zo? Tunda ba za su daina dariya ba, gara su yi ta a gefena."

"To ai kin yi. Sun yi dariya."

"Saura naka." Ta sunkuyar da kai. "Ɗan bidiyo ne. Zan tsaya can kamar ina jawabi, sai kai ka kira ni, ka faɗi maganar tsohon nan. Shi ke nan. Latrice ta ce kafin gobe a wurin suyar kifin coci, duk garin ya gani."

"In da hali, Kaka, a cire haƙoran roban nan," in ji Latrice. "Zai fi kama da..."

Verlene ta waiwaya ta katse ta da kallo.

Cleophus ya daɗe yana kallon jininsa na zagayawa.

"Da uwarki ta rasu, wa ke dafa wake a gidan nan?"

"Kai ne, Baba."

"In na dawo daga injin katako."

"Na sani."

"Na taɓa kiran ki daga kan littafi?"

"A'a. Baba, wasa ne kawai."

"Na san wasa ne."

Ya kuma san gaskiya ta faɗa. Abin zai yi aiki, ya gani da idonsa yanzun nan. Ya san Strickland, ya san ubansa, ya san motar za ta tsaya. Da ƙarya ta yi masa, da abin ya zo da sauƙi.

Ozella ta tsinci zancen. "Kai, Dattijo ne zai yi uban? Yau ake yin ta! Faɗi mana, Dattijo!"

"Yi mana, Cleophus," in ji Doyle. "Ai kai ko kwalliya ba ka buƙata."

Shondra da kanta ta kashe muryar talabijin. Verlene ta tashi ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta ɗauki wata takarda a matsayin jawabi. Latrice ta matso da wayar daf da fuskarsa. Ya dubi ƙofa, ga ta nan kusa, ga hannunsa ɗaure da inji. Ya dubi 'yarsa. Gumi na gangaro mata daga ƙarƙashin hular, bakinta na murmushi, idanunta na roƙon sa ya yi ya gama.

"'Yan'uwana mutanen Tarver," ta fara, sannan ta dakata, tana jira.

 Injuna kaɗai ke gurnani.

"Kaka, yanzu ne," Latrice ta raɗa masa.

"A'a," in ji Cleophus. "Ba zan faɗa ba."