Gwangwanin Gwaggo Husaina

Gefen katin maganin ne ya ja idona. Na shiga ɗakin yayata da kofin kunun kanwa zan ajiye a kan durowa, sai na ga katin a yanke, yanka miƙaƙƙe irin na almakashi. Ramuka shida a fashe, ƙwaya biyu a rufe, daga nan katin ya ƙare. Na leƙa cikin kwalin. Kati na biyu, mai ƙwaya goma cif, babu shi.

Ni na karɓo maganin da hannuna, shi ya sa na san yawansa. Yayata Ummulkhairi ta haihu ta hanyar tiyata, aka kawo ta gidanmu a Gyadi-Gyadi wankan jego, ita da jaririnta Al-Amin. Bayan suna da kwana biyu ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya fara tsattsafo da ruwa. Likita ta duba ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ta rubuta magani: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kwana goma. Matar da ta miƙo min shi ta tagar ɗakin magani, wata Bayarabiya haifaffiyar Kano mai suna Morenike, sai da ta sa na maimaita mata.

"Ko gobe ta tashi tana rawa, sai ta shanye shi tas. Kin ji ko, 'yar boko?"

Na ce na ji. Ga shi yau kwana na huɗu ne kawai.

"Yaya, ina sauran maganin?"

Ba ta ɗago ba, tana gyara wa Al-Amin hula. "Gwaggo ta zo jiya kina kasuwa. Ta duba wurin, ta ce ya bushe. Ta bar min na yau."

Gwaggo Husaina yayar Abbanmu ce, a Tarauni take zaune. Shekara talatin ta yi tana aiki a asibiti, tana tura keken marasa lafiya, tana canja zanin gado. Da ta yi ritaya sai unguwa ta ba ta matsayin da asibiti bai taɓa ba ta ba, kowa Sista yake ce mata. Tana da wani tsohon gwangwanin alawa da ba ya rabuwa da jakarta, da ƙaramin almakashi a ciki. Duk gidan da ta je dubiya ta ga mai jiki ya fara cin tuwo, sai ta kwashe ragowar maganinsa ta zuba a gwangwani. Duk gidan da ta tarar da mai tari ko mai ciwon mara, sai ta buɗe ta yanka masa biyu ko huɗu. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Cewa take magani bai kamata ya kwana a gidan mai lafiya ba alhali ga masu buƙata. Mata suna sa mata albarka tun daga Ƙauyen Alu har Daurawa.

Na sami Umma a madafa na gaya mata, a hankali, kamar mai neman gafara.

"To sai me?" in ji Umma. "Ba ta warke ba? Ke da kika karanta duwatsu da koguna a jami'a, ke za ki koya wa Gwaggonki asibiti?"

"Umma, cewa aka yi kwana goma."

"Haka suke cewa kowa. Miƙo min muciya."

Na koma wurin Yaya na ce bari in gaya wa mijinta Yahaya, ya koma asibiti a sake rubuto wani. Ta riƙe min hannu. "Don Allah Nusaiba, rufa min asiri. Kin san shi, sai ya je har Tarauni ya yi mata magana. Ni lafiyata ƙalau."

Wurin kuwa ya bushe da gaske, na gani da idona. Sai na ɗauki yankakken katin bayan ta shanye biyun, na jefa a jakata, ban san dalili ba. Ban gaya wa Yahaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, Yaya ta ce a rufa mata bargo. Ana tsakiyar zafin Afrilu, fanka ma iskar wuta take hurawa, amma haƙoranta suna haɗuwa. Na miƙa mata Al-Amin ta ba shi nono, hannunta ya kasa riƙe shi. Da Umma ta ɗaga rigar, warin ne ya fara isowa. Gefen ɗinkin ya buɗe, mugunya na fita.

Yahaya ya zo da mota cikin minti ashirin. Umma ta kira Gwaggo a waya, wai ita ta san kan asibiti, muka ɗauke ta a bakin titi da jakarta a hammata. Tun daga ƙofar shiga ake gaishe ta. "Sista, ina gajiya?" "Sista, kin ɓuya!" Tana amsawa tana tafe a gaba, mu muna biye kamar 'yan rakiya.

Likitar da ta duba Yaya a karon farko muka samu, Dakta Sumayya, siririya mai tabarau, ba za ta girme ni da shekara biyar ba. Ta buɗe wurin, ta daɗe tana kallo, sannan ta duba fayil.

"Maganin da na rubuta miki, kina sha?"

Yaya ta kalli Gwaggo, ta sunkuyar da kai. "Ina sha."

"Safe da yamma? Ba ki tsallake ba?"

"E."

Likita ta cire tabarau ta murza ido. "To wannan ba labari mai daɗi ba ne. In kina shansa daidai kuma ciwon ya dawo haka, ke nan ƙwayar cutar ba ta jin wannan maganin. Dole mu koma wani mai ƙarfi kafin sakamakon gwaji ya fito. Wataƙila kuma sai kin dakatar da shayarwa na wasu kwanaki."

Al-Amin yana kafaɗata, kwanansa goma sha shida a duniya, yana tsotsar bakin mayafina. Na kalli Yaya, hawaye na bin gefen fuskarta zuwa kunne, amma bakinta a rufe. Na kalli Umma, tana kallon silin. Na kalli Gwaggo. Gyaɗa kai take yi irin na abokiyar aiki, har tana cewa, "Ai magungunan yanzu ba su da ƙarfi, likita."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, sai na ji hannuna a cikin jaka. Na ajiye katin a kan teburin likita.

"Kwana huɗu ta sha," na ce. "Takwas ta sha. Sha biyu an kwashe."

"Nusaiba!" in ji Umma.

Likita ta ɗauki katin, ta shafa wurin yankan da yatsa. "Wa ya kwashe?"

Gwaggo ta gyara mayafi. "Ni ce. Ciwo ya bushe, yarinya tana cin abinci, ga bayin Allah can ba su da ko na asfirin. Shekarata talatin a cikin asibiti, likita. Tun ba a haife ki ba nake ganin ɗinki."

"Na sani, Mama," in ji likita, ba ta ɗaga murya ba. "Wa kika ba?"

"Lawan tela na maƙwabtanmu, mura ta hana shi ɗinki ga bikin mutane, na ba shi huɗu. Hauwa mai ƙosai haƙori ya dame ta, ita ma huɗu. Sauran suna nan."

"Mura?" Ban san lokacin da na ce ba. "Gwaggo, mura? Cikin Yaya aka yanka aka ɗinke. Kika ɗauke mata magani kika kai wa mai atishawa?"

"Ke, da wa kike?"

"Da ke nake, Gwaggo, ki yi haƙuri. Da maganinki ne kika bayar, da sai mu ce Allah ya ba da lada. Amma ba naki ba ne, ba kuma ragowa ba ne. Nata ne, da sunanta aka rubuta. Kuma kina zaune tana yi wa likita ƙarya don kar ki ji kunya, za a raba yaron nan da nono, kina cewa magani ne ba shi da ƙarfi!"

Al-Amin ya tsorata ya fashe da kuka. Yahaya ya karɓe shi daga hannuna ya fita da shi baranda.

Likita ta bari ɗakin ya lafa, sannan ta juya ga Gwaggo. "Mama, bushewar sama ba ita ce warkewa ba. Maganin ya fara kashe su ne, aka janye shi, waɗanda suka rage suka farfaɗo. Shi kuma Lawan, mura ba ta jin wannan maganin ko kwali guda ya sha. Kin tambaye shi ko jikinsa yana karɓarsa? Akwai wanda ƙwaya ɗaya za ta kumbura masa maƙogwaro ya kasa numfashi. Mu ga sauran."

Gwaggo ta fito da gwangwanin ta buɗe. Na sha ganinsa a rufe, ban taɓa ganin cikinsa ba. Guntayen kati ne fal, wasu biyu-biyu, wasu ɗaya, da kafso ja da rawaya a ƙulle cikin leda. Yawancinsu almakashi ya tafi da sunan, ya tafi da ranar lalacewa. Likita ta tsinci ɗaya ta ɗaga.

"Wannan na mene ne?"

"Na sanyi ne."

"Na hawan jini ne, Mama." Ta mayar da shi. "Ki bar gwangwanin a nan, a kai wa Morenike ta zubar yadda ya dace."

Gwaggo ta rufe gwangwaninta, ta mayar jaka, ta ja zif.

An kwantar da Yaya a ranar. Aka warware zare uku aka wanke wurin, ina jin ihunta daga baranda. Aka ɗebi mugunyar aka kai gwaji. Tunda likita ta san gaskiyar abin da ya faru, ba ta koma wancan mai ƙarfin ba, ta sa mata wanda mai shayarwa za ta iya ɗauka, ta jijiya, kwana biyar. Aka bar Al-Amin a gefen gadonta yana shan nononsa. Gwajin ya fito ya nuna maganin farko ma yana kama ƙwayar cutar sarai, ba a dai bar shi ya gama aikinsa ba.

A gida kuwa ni ce mai laifi. Umma ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Abba ya kira ni ya ce ko gaskiya gare ni, ba a tsinka babba a gaban surukinta. Na ce to. Ban ce na tuba ba, shi ma bai nema ba.

Da aka sallamo Yaya an haɗo ta da wasu ƙwayoyin na kwana bakwai. Morenike ta gane ni a taga. "'Yar boko, wannan karon fa?" Na kasa haɗa ido da ita. Na rubuta ranakun a bayan kwalin, kowace rana da layi biyu, Yaya tana sha ina sokewa.

Rana ta uku da la'asar Gwaggo ta yi sallama. Ta zo da 'yar robar dabino, jakarta a hammata. Umma ta shimfiɗa mata darduma, aka gaisa, ta karɓi Al-Amin ta yi masa wasa, ta ce ga angonta ya yi kumatu. Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta tambayi jiki, Yaya ta ce da sauƙi sosai, har ta fara zagaya tsakar gida.

"Haka ake so," in ji Gwaggo. Na ga idonta ya sauka a kan durowa, inda kwalin yake.

Na yunƙura zan tashi, amma Yaya ta riga ni. Ta miƙa hannu ta ɗauko kwalin, ta ɓallo ta yamma, ta kora da ruwa. Ta karɓi biro a hannuna ta soke layin da kanta. Sannan ta ɗaga matashinta ta tura kwalin ƙarƙashi, ta jingina a kai.

"Saura kwana huɗu, Gwaggo," ta ce. "Zan shanye."

Umma ta shiga zancen tsadar gawayi da sauri, babu wanda ya taya ta. Gwaggo ta ɗan zauna, tana shafa zif ɗin jakarta da babban yatsa. Can ta kwantar da Al-Amin a kan katifa, ta gyara masa hula, ta ja masa zani har ƙirji. Ta miƙe, ta zura takalmanta a bakin ƙofa, ta bi ta zaure ta fita.