Kwalin Mai Fitila

"Ba zai fita daga ɗakin nan ba," in ji Katongo. "Ki ɗauki hotonsa a wayarki, ki kai masa."

"Hoton uwata ma na nuna masa a waya, Baba. Kallonta ya yi kamar an miƙa masa bulo." Misozi, 'yar amininsa, tana tsaye a bakin ƙofa da ledar kwanukan asibiti a hannu, ta ƙi zama. "Likita ta ce a kawo abin da hannunsa ya sani. Abin da zai taɓa."

"Taɓawar ce matsalar."

"Au?"

"Kwalin nan ya girme ki. Asibiti kuma ga ruwa, ga miya, ga yara, ga..."

"Ga babana."

Daga kicin matar Katongo ta ɗaga murya. "Ƙyale shi, 'yata. Shekara arba'in ina share ɗakin nan, ko ƙurar kwalayen nan ba a ba ni izinin gogewa ba. Ranar da ya mutu da su zan hura gawayi."

"Ba da ke ake ba, Maman Mwape."

"Da wa ake? Kwana tara amininka yana kwance. Ka ce ƙafa ke maka ciwo. Jiya wace ƙafar ce ta kai ka kasuwar Chisokone?"

Misozi ta jira. Sannan ta gyara ledarta. "Ƙarfe ɗaya ake buɗe wa masu dubiya," ta ce. Ta fita ba sallama.

Katongo ya zauna a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin. Kwalayen fayafan garmaho ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne a cikin ledarsa, sama da ɗari uku. Na Ingila da na Amurka suna bangon da rana ba ta kaiwa, kowanne da zanensa: kifi riƙe da lema a saman wani birni, matakala da ta nutse a teku, samari masu gashi har kafaɗa suna harare-harare a gaban tsohuwar mota. Na gida suna kusa da gado. Duk cikinsu babu mai faifai ko ɗaya.

Haka suka faro, shi da Jere mahaifin Misozi, a 1975, suna koyon aikin lantarki a mahaƙar jan ƙarfe, suna kwana ɗaki ɗaya a Wusakile. Jere ya gaji garmaho daga kawunsa. Katongo ba shi da ko rediyo. Duk ƙarshen wata sai su haɗa hannu su sayi faifai guda, a raba tun a ƙofar kanti: Jere ya ɗauki faifan, Katongo ya ɗauki kwalin. Jere kan kira shi da sunan ƙabilarsa, ya ce ya cuci Babembe, ya bar shi da ɓawo. A rigar matashi yake ajiye fayafansa. Biki ya cinye wasu, rana ta lanƙwasa wasu, sauran 'ya'yansa suka yi wasan jifa da su a tsakar gida. Ɓawon ne ya rage.

Wanda Misozi take so shi ne na farko. Wasu samari biyar ne daga Mufulira, sun yi faifai ɗaya tak suka watse. A kan kwalin an zana mutum da hular ma'aikatan rami a kan tulin gashi, fitilar goshinsa tana haska jitar da ke hannunsa, bayansa tsaunin tokar ma'adini ne da rana shuɗiya. Mai Fitila suke ce masa. Wani Bature ya taɓa zuwa har gida, ya durƙusa a gabansa, ya ce bai taɓa ganin mai tsabtar wannan ba. Katongo ya ba shi shayi, ya raka shi titi.

Ba ƙafa ce ta hana shi zuwa asibiti ba. Shi ma ya sani. An gaya masa Jere yana kallon 'yarsa yana kiranta nas. Wanda bai gane 'yar cikinsa ba, ina zai gane shi?

Sha biyu da rabi ya sauko da kwalin. Ya ƙara masa leda biyu, ya sa shi a ƙirji, ya maɓalle kwat a kai. Matarsa ta gan shi ya wuce a sanƙare kamar mai ciwon wuya. Lema kawai ta miƙa masa.

Bas ɗin ta cika. Wata mata mai daron busasshen kifi ta matse shi da taga, yana ta kare ƙirjinsa da gwiwar hannu.

"Tsoho, hoton ƙirji ne za ka kai wa likita?"

"Eh."

"Allah ya sauwaƙe. Nawa mijin ma haka ya fara."

Suka bi ta gaban tsohon zauren rawa na ma'aikata. Yanzu coci ne, an shafe shi da farin fenti. A nan Jere ya taɓa hawa tebur da wando mai faɗin ƙafa, teburin ya karye, aka kore su duka biyu cikin ruwan sama suna dariya. Katongo ya kawar da kai.

Gadon Jere na ƙarshe ne, jikin taga. Ya rame. Ɓarin fuskarsa na dama ya zube, hannun dama yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Misozi tana ba shi tuwon masara da miyar gyaɗa, shi kuma ya nace sai ya sa hannun hagu a kwanon. Ta ɗago ta ga Katongo, ta ga yadda kwat ɗinsa ta yi kusurwa huɗu. Ta ja masa kujera.

"Kai, maci ɓera," in ji Katongo. "Kwanciya ka samu?"

Tsakanin Babembe irin Katongo da Bangoni irin Jere, abokan wasa, wannan gaisuwa ce. Shekara hamsin Jere bai taɓa barinta ta faɗi ƙasa ba. Yau ya dube shi da ladabi.

"Sannu, likita," ya ce.

Katongo ya zauna. Ya ɓalle kwat, ya cire leda ta farko, ta biyu. A ta uku ya tsaya. Ya dubi yatsun Jere masu maiƙon gyaɗa.

"Misozi, goge masa..."

Bai ƙarasa ba, Jere ya miƙo hannu. Katongo ya zare kwalin tsirara ya ba shi.

Babban yatsa ya sauka a kan shuɗiyar ranar, ya bar tambari. Katongo ya ji abin har cikin haƙoransa, amma bai motsa ba. Jere ya ɗora kwalin a cinya, ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya soma rawa. Wani sauti ya fito ta hanci, a karkace, yana yankewa yana dawowa. Amshin waƙa ta biyu ta faifan ne. Katongo bai ji ta ba tun ranar da garmahon ya mutu. Bai san lokacin da ya kama buga ƙarfen gado da yatsa ba.

Mutumin gadon kusa ya juyo. Misozi ta ajiye kwano a hankali.

Jere ya ɗago. Ya dubi Katongo sama da ƙasa, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga.

"Maci biri," ya ce. "Ka tsufa."

Misozi ta toshe baki da gefen zaninta.

"Kai fa? Ka ga kanka?" in ji Katongo.

"Ni na sha kiɗa. Kai ɓawo." Dariyar ta zame masa tari. Da ya lafa, sai ya kama juya kwalin da hannu ɗaya. Ya kuɓuce masa, kusurwa ta daki ƙarfe ta lanƙwashe. Ya sake kamowa har ya kifa shi. Yatsansa ya gangara ƙasa, can gefen hagu, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakinsa.

Wurin fari ne fes, ya ɗan fi sauran haske.

A nan Jere ya rubuta sunayensu da jan biro, a kan kantar mai kanti, ranar da suka saya. Kowa haka yake yi a lokacin, don kada kaya su bi wani gida bayan biki. Jere da Katongo, ɗaki na 14, ɓarawo ya ji kunya. Shekaru bayan haka, da Katongo ya fara sa kwalayensa a leda, ya ji masana suna cewa rubutu aibi ne a jikin kwali. Ya yi yini guda da auduga da sifirit, a hankali, bai ko ƙwarzane takardar ba. Ya yi alfahari da aikin. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Jere ya shafa wurin. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi. Ya dubi 'yarsa, ya kira ta da sunanta, ta amsa da kuka. Sannan ya juyo.

"Katongo, a nan muke fa," ya ce. "Wa ya goge mu?"