Ƙwallayen Kawu Ebo

"Maa, in mutum ya haɗiye mayen ƙarfe, cokali zai manne masa a ciki?"

Kuukua ce ta yi tambayar. Shekararta huɗu, tana tsaye a bakin tebur, ta ɗage riga tana goga cokalin kokonta a cibiya. Uwarta Araba ko kai ba ta ɗaga ba. Ranar Talata za ta zauna jarrabawar da za ta yanke ko za a bar ta ta ci gaba da digirinta na uku a fiziks. Bara ta faɗi, kuma sau biyu kaɗai ake bari mutum ya gwada.

Mijinta yana aikin haƙar zinariya a Tarkwa, ba ta da mai riƙe mata yarinya, shi ya sa abokin karatunta Ebo yake zuwa ɗakinta a Cape Coast su yi bita. Shi kuwa Ebo kansa ba ya aiki sai hannunsa na wasa da wani abu. Kullum yana tafe da wasu ƙananan ƙwallayen mayen ƙarfe masu sheƙi, kamar waɗanda ake yaryaɗawa a kan kek, yana ja yana murzawa kamar carbi.

"Ba zai manne ba," in ji Araba. "Da an ɗan yi nisa jan ya mutu. Fata da tsoka sun isa su raba su."

"Haba Sista, ai ya danganta da girmansa," in ji Ebo. "Haka kika yi bara, baki cike da tabbaci, takarda ba lissafi."

"Ji mai magana! Kai da ka ci ne muke zaune tare? Miƙo allin nan."

Suka tashi suka nufi falankin da ta shafa wa baƙin fenti ta jingine a bango. Suka ƙiyasta kaurin cikin yaro, suka ƙiyasta nauyin cokali, suka yi ta musu a kan wata alama har suka cinye rabin allo. Araba ce ta yi gaskiya. Ebo ya juya ya sara wa yarinyar.

"Farfesa ƙarama, tambayarki ta fi ta malamanmu. Cokali faɗuwa zai yi."

Kuukua ta saki cokalin, ya faɗi ƙasa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To shi ke nan," ta fita wasa. Wannan ranar Asabar ce.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci ta ƙi cin dokunu da kifi, ta ce cikinta na murɗa. Araba ta ɗora laifin a kan ɗanyen mangwaron maƙwabta, ta dama mata ruwan gishiri da sukari. Ran Litinin aka fara amai. Yarinyar ta kwanta a tabarma ta ɗora kai a ƙafar uwar, uwar tana shafa mata ciki da hagu, tana rubutu da dama, tana ce wa ranta a dai wuce gobe, daga ɗakin jarrabawa sai asibiti.

Da safiyar Talata aman ya koma kore. Cikin ya ɗaure tamau, ko yatsa aka kai sai ta ƙwala ƙara. Araba ta bar rigar da ta goge a kan gado, ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta tare tasi zuwa asibiti.

Likitar ta ɗaga hoton cikin a haske. Ga wasu fararen ɗigo a jere, manne da juna.

"Madam, me kuke da shi a gida mai kama da wannan?"

Araba ba ta buƙaci bayani ba. Ƙwallayen Ebo ne, kuma ba a tare aka haɗiye su ba. Wasu sun yi gaba, wasu sun biyo baya, suna cikin lanƙwasar hanji daban-daban suka jawo juna, suka matse naman da ke tsakaninsu har ya mutu ya ɓule. Lissafin da ta yi a allo ne, sai dai ita nesa ta duba. A kusa, jan ba ya saki.

"Tun yaushe?" in ji likitar.

"Tun Asabar. Ta gaya mini."

"Ta gaya miki?"

"Ta tambaye ni," in ji Araba. "Na ba ta amsa."

Tana zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata Ebo ya iso daga jarrabawar, da ledar lemo a hannu. Ya zauna can ƙarshen bencin.

"Sista, na ga sun ragu tun ranar. Na zaci ƙarƙashin gado suka gangara."

Araba ta ci gaba da kallon ƙofar ɗakin tiyatar.

"Tambaya ta farko ma a kan…" Sai ya haɗiye sauran, ya sunkuyar da kai yana kallon lemon.

An yanke wa Kuukua hanji kamar tsawon tafin hannu. Ta rayu. Ta daɗe a gadon asibiti da roba a hanci, ta fito da tabo daga cibiya zuwa mara, har yau abinci kaɗan take ci ta ture kwano. Shugabannin sashen su Araba sun ce za su zauna a kan maganar jarrabawarta. Ba ta koma ta ji abin da suka yanke ba, allon ma ta juya fuskarsa bango.

Ke da kike karatu da yaro a gindinki, da kai mai ajiye irin waɗannan ƙwallaye a aljihu, ku fitar da su daga gidan da ƙaramin yaro yake. In kuna zargin ya haɗiye, ko da yana wasa yana dariya, ku kai shi asibiti a take, kada ku jira ya fita da kansa. In kuma yaro ya zo muku da tambayar da ta fara da "in mutum ya", ku ajiye abin da ke hannunku, ku durƙusa ku dubi idonsa, ku tambaye shi wane mutum ne.