Ƙwaya ta Uku

Ni ban ce babban ɗana ya so kashe ni ba. Cewa na yi ya karya mini ƙugu, kuma hakkina nake nema.

Shagon magani kawai gare shi, amma ƙannensa Likita suke ce masa, shi kuma yana amsawa ba kunya. Da asibiti suka ce ina da hawan jini, ƙwaya ɗaya suka ba ni a rana, suka faɗi lambar da ake so jinin ya sauko kanta a hankali. Lambar ya riƙe, ya watsar da sauran zancen. Ya sayo na'urar awo. Kullum da safe sai ya ɗaure mini damtse, ya ɗauki hoton lambar ya tura wa ƙannensa a waya, su yi ta sa masa albarka. Da lamba ta ƙi sauka, sai ya ƙaro ƙwaya daga shagonsa. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku.

Na gaya masa in na miƙe duhu nake gani, ƙasa na juyawa da ni. Wai tsufa ne. Na tambaye shi ko tsufan bai san hanyar gidan nan ba sai da ƙwaya ta uku ta rako shi.

Ya ce, "Mama, ke jikinki kike ji, ni kuwa lamba nake gani."

A banɗaki na faɗi, buta a hannu. Ina yashe a jiƙaƙƙen siminti, zanina ya kwance, sai ga shi da na'urarsa, tun kafin ya nemo mota. Ya auna, ya yi hamdala, wai ba jinin ba ne. A asibiti ya ce musu ƙwaya ɗaya nake sha. Na buɗe baki, ya ce su yi haƙuri da ni, na fara ruɗewa.

Da aka dawo da ni gida, na aiki maƙwabciyata ta kira mini baffansu, ƙanin marigayi mijina, don shi kaɗai yaron nan yake shakka. Na zayyana masa komai daga kan gado. Abu biyu na nema: a karɓe maganina daga hannunsa, sannan ya faɗa wa ƙannensa abin da ya yi.

Baffan ya ɗaure fuska, ya kira shi. Yaron ya durƙusa, ya miƙa waya, yana nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo fuskar tsohon ta saki. Ashe shi ma jinin gare shi, ya daɗe yana zaryar asibiti lambarsa ba ta sauko haka ba.

Ya ce, "Matar Yaya, wasu nema suke ba su samu ba, ke kina kai ƙara?"

Ya naɗe hannun riga, ya miƙa damtse, ya ce Likita ya auna shi. Da suka gama, yaron ya zuba mini ƙwayoyin uku a tafin hannu. Baffan ne ya riƙe mini kofin ruwa.