Madarar Gona ta Bakwai

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna tankar madara ta shigo harabar masana'antar. Dogo direba ya yi ribas, ya tsaya daidai tagar ɗakin gwaji kamar yadda ya saba. Ya hau saman tankar, ya gauraya madarar da dogon ludayi, ya ɗebo kwalba guda, sannan ya sauko da akwatin sanyi mai ƙananan kwalabe tara, kowacce da lambar gonar da aka ɗebo ta.

"Malama, ga kayanki. Don Allah yau a sallame ni da wuri, ban karya ba."

"Kai kullum ba ka karya ba, Dogo, amma kullum rigar nan ƙara matse ka take."

Malama shekararta shida a wannan ɗaki. Ba wani babban ɗaki ba ne: teburin ƙarfe, firij biyu, famfo, da ɗan injin ɗumamawa da bai wuce girman burodi ba. Amma babu tankar da za a juye a masana'antar sai ta sa hannu. Aikinta shi ne ta duba ko akwai ragowar maganin dabbobi a cikin madara, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa shanu allurarsa.

Ta ɗiga madarar tankar a ɗan ramin roba, ta ɗumama, ta tsoma tsinken gwaji, ta saita agogo. Idan madara lafiyayya ce, layi biyu ne suke fitowa jajir. Da agogon ya yi ƙara ta ɗaga tsinken. Layin sama ya fito, na ƙasa kuwa sai wata inuwa-inuwa.

Ta ajiye shi gefe. Ta buɗe sabon ƙunshi, ta sake. Haka dai. Ta gwada madarar da ta san tsabtatacciya ce don ta tabbatar tsinkayen ba su lalace ba, layi biyu suka fito sarai. Sai ta leƙa ta taga.

"Dogo, kada ka jona tiyo. Je ka karya, za ka daɗe."

Kafin minti goma Manaja ya iso, wayarsa a hannu, gumi a goshi tun da safe.

"Malama, lita dubu takwas ce fa. Mutanen ɓangaren yogot suna tsaye suna jira. Babban tankinmu akwai lita dubu talatin mai kyau a ciki. In muka haɗa, ai abin zai narke, ko injinki ba zai gani ba."

"Ranka ya daɗe, in muka haɗa, dubu talatin da takwas muka ɓata maimakon takwas. Maganin nan aikinsa kashe ƙwayoyi, su kuma ƙwayoyi ne suke kama mana yogot. Wannan ma ƙaramar magana ce. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar maganin, kofi ɗaya zai sa ya kumbura. Sannan yaron da yake shan kaɗan-kaɗan kullum, ranar da ya kwanta ciwo aka ba shi maganin na gaske, sai ya ƙi yi masa aiki."

"Na san duk wannan."

"To ka san ba zan sa hannu ba."

Ya dube ta, ya dubi tsinkayen da ta jera a kan farar takarda. Ya ja numfashi.

"Nemo mini wace gona ce."

Ta jera kwalabe tara. Ɗaya, biyu, uku, har shida, duk lafiya. Takwas da tara ma lafiya. Ta bakwai kuwa layin ƙasa ko inuwarsa babu.

Ba ta buƙatar duba takarda don ta san mai lamba bakwai. Kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya ɗauke ta tana shekara tara bayan rasuwar mahaifinta. Shi ya koya mata tatsa, shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur. Manaja ma ya sani. Muryarsa ta sauko.

"Bari in tura wani."

"A'a. In wani ya je, Kawu zai kore shi tun daga bakin ƙofa. Ni zan je."

Ta cika takardar ƙin karɓar madarar, ta rubuta lambar gonar da hannunta, ta sa hannu. Ta ɗauki ƙunshin tsinkaye biyu, da injin ɗumamawa wanda ake iya jonawa a mota, da buhun kwalabe.

Ta tarar da Kawu a rumfar tatsa yana wanke bokitai da ruwan zafi. A gonar nan ba Malama ba ce, Auta ce.

"Auta? Lafiya da ranar aiki?"

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi Inna, matarsa, sannan ta faɗa masa ba tare da kewaye-kewaye ba. An ƙi tankar yau, kuma daga madararsa matsalar ta fito.

Ya ajiye bokitin a hankali.

"Madarata?"

"Taka, Kawu."

"Zo nan." Ya ja ta zuwa allon da ke rataye a bango. "Karanta. Duk saniyar da likita ya taɓa, sunanta yana nan, da ranar allura, da ranar da za ta koma layin tatsa. Ga jan ƙyallen da nake ɗaura musu a ƙafa. Wata guda ke nan ban yi wa ko ɗaya allura ba. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa dawo mini da ko cokali ba. Kwalbarki ta yi ƙarya."

"Kawu, kwalbata ba ta san ka ba, balle ta yi maka ƙarya. Ni kuma na san ka, na san ba ka yi ba. To duka biyun gaskiya ne, saura mu gano yadda aka yi."

"Ke yanzu shanuna za ki bi ɗaya bayan ɗaya?"

"Su nawa ake tatsa?"

"Ashirin da uku."

"Ai ba su da yawa."

Mai tatsa, wani dattijo marar yawan magana da ya daɗe a gonar, ya riƙa kama mata su. Ta tsugunna ta tatsi kaɗan daga kowacce da hannunta, tana rubuta suna a jikin kwalba. Don kada tsinkaye su ƙare, ta haɗa su biyar-biyar. Kawu yana tsaye a bayanta, hannuwa a ƙirji, yana kallon injin da ke kan kujerar mota kamar wani baƙon da bai gayyata ba.

Rukuni na farko lafiya. Na biyu, na uku, na huɗu, lafiya.

"Kin gani ko?" in ji shi.

"Saura uku, Kawu."

Rukunin ƙarshe ya faɗi. Ta raba su ɗai-ɗai. Biyu suka tsira. Ta ɗaga kwalba ta uku ta karanta abin da ta rubuta.

"Wace ce Amarya? Ban san ta ba."

Mai tatsa ya dubi Kawu. Kawu ya sosa ƙeya.

"Sabuwa ce. Kwana biyar da na sayo ta wurin dillali, Innarki na saya wa. Madararta cikin gida ake kaiwa. Yau ne kawai na ce a zuba a tanki tunda ta yi yawa."

Aka fito da saniyar. Kyakkyawa ce, ja, mai sheƙi, hantsarta cike. Auta ta shafa bayanta har ta natsu, sannan ta bi wuyanta da tafin hannu, a hankali, daga kunne zuwa kafaɗa. Ta tsaya.

"Kawo hannunka, Kawu."

Ta ɗora yatsunsa a wurin. Ƙarƙashin fata akwai wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwan zabuwa. Kawu ya san menene, ya sha jin irinsa. Wurin allura ne, irin mai daɗewa a jiki.

Inna ta fito daga cikin gida da tire na shayi, ta ji ƙarshen maganar. Ta dire tiren a kan benci.

"Ashe shi ya sa! Sau biyu ina kafa madarar saniyar nan don kindirmo tana ƙin kamawa. Har na wanke tukunyar da toka, na yi wa kaina faɗa na ce tsufa ne ya fara."

"Jikoki sun sha, Inna?"

"Jiya da shekaranjiya."

"Babu wanda ya yi ƙuraje ko kumburi?"

"Babu, suna can suna tsalle-tsallensu."

"To alhamdulillahi. Daga yau dai a daina."

Kawu ya ciro waya, ya kira dillalin, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Jar saniyar nan da ka sayar mini, ka yi mata allura?"

Dillalin ya yi gyaran murya.

"Haba Alhaji, ai ɗan tari ne ta yi a mota. Sai na sa aka ɗan tsira mata, don ƙarfin jiki kawai. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa ba ne. Da ka faɗa mini, da na saya duk da haka, na ware ta. Ka yi shiru, ka sa jikokina sun sha, ka sa an zubar da madarar gona tara. Ka karanto mini sunan da ke jikin kwalbar maganin yanzun nan, likita zai nema."

Da ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon saniyar. Ita kuwa tana ta tuƙarta, ba ruwanta.

"Yanzu me dokarku ta ce?"

"Ba za a ɗauki madararka ba sai an gwada tankinka sau uku a jere ya fita lafiya. A wanke tankin da tiyo duka. Amarya kuma a ware ta, a ɗaura mata jan ƙyalle, a tatse ta a ƙarshe a bokitinta daban, a zubar. Ko maraƙi kada a ba."

"Kuma ke kika rubuta sunana a takardar?"

"Ni na rubuta."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"Da kin ɓoye, da na ji kunyarki. Sha shayinki kafin ya huce."

Ranar Asabar masu gonakin tara suka taru a ɗakin taron masana'antar, fuskoki a murtuke, don kowa ya yi asarar madarar yini guda. Manaja ya fara magana yana cewa wata gona ce daga cikinsu, ba sai an kama suna ba. Kawu ya miƙe.

"A kama. Ni ne."

Ya ba su labarin daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba, har da cewa ya ce kwalbar 'yarsa ta yi ƙarya. Wasu suka yi dariya. Mai gona ta uku, wanda ya shigo da niyyar faɗa, ya miƙe ya ce shi ma wurin dillalin nan ya sayi biyu a watan jiya, Allah ne kawai ya rufa masa asiri. Kafin a tashi suka amince cewa duk sabuwar saniya za a ware ta, a kai madararta wurin Malama, sai ta ce ta yi sannan a haɗa.

Kwana uku tankin Kawu ya fita lafiya, Dogo ya koma tsayawa a ƙofarsa. Amarya ce ta ɗauki lokaci. Duk bayan kwana biyu Kawu yakan zo da kwalbarta da kansa, ya zauna a kan kujerar bakin taga, ya ƙi tafiya sai ya ga sakamako. A zuwa na uku ya ce a nuna masa yadda ake yi. Ta ba shi safar hannu, ya yi ta fama da ita kafin ta shiga manyan yatsunsa.

Ranar kwana na goma sha ɗaya shi ya ɗiga madarar, shi ya tsoma tsinken, shi ya danna agogo. Da ya yi ƙara, ya ɗaga tsinken, ya miƙa hannu nesa yana ƙanƙance ido, don ya baro tabaransa a gida.

"Auta, biyu nake gani, ko idona ne?"

Ta karɓa ta duba a ƙarƙashin fitila.

"Biyu ne, Kawu. Ka je ka kwance mata jan ƙyallen."

Ya cire safar hannun, ya naɗe ta da kyau zai sa a aljihu.

"Wannan shara ake jefawa."

"Sabuwa fil haka?"

"Shara, Kawu."

Ya jefa yana gunaguni, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Inna ta ce ta zo cin abinci ranar Lahadi, kuma ta zo ba tare da injin nan ba.