Mai Magana na Huɗu

"Katse wa mutane magana, sau arba'in da ɗaya," in ji Farfesa, yana ƙwanƙwasa allo da gindin biro. "Amsa abin da ba a tambaya ba, sau goma sha tara. Ga wani wuri da ya yi minti ashirin da biyu yana zuba, ba wanda ya samu ya sa baki. Jama'a, wannan ai sai addu'a."

Malamar Lissafi ta gyara abin toshe kunnenta. Fitilar ɗakin taron tana ta zizar nan da ke shiga mata har cikin haƙora. Sau uku tana rubuta takarda a canza ta, sau uku ana yaba mata kyawun rubutu.

Su shida ne a binciken: malaman jami'a uku masu otizim, wato yanayin ƙwaƙwalwa da ake cewa yana wahalar da mu'amala da mutane, har da ita, da uku marasa shi. Farfesa yana kiran abin tafiya kafaɗa da kafaɗa, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Ana son a gano yadda ɓangarorin biyu ke fahimtar juna, don haka aka naɗi tarukansu na wata takwas, aka rubuce, aka cire sunaye aka sa lambobi, aka aika wa masu tantancewa da ba su san kowa ba. Su kuma suka auna kowa da ma'aunin raunin mu'amala, wanda Farfesa ya ƙirƙiro da kansa, yake kuma ji da shi fiye da 'ya'yan cikinsa. Yau sakamako ya dawo, Mai Magana na Huɗu ya lashe gasar ba abokin karawa.

"Ba na son kama suna," in ji Farfesa, idonsa kyam a kan Agogo.

Agogo malami ne a sashen harsuna, ɗaya daga cikin masu otizim ɗin, ya samo sunan ne don bai taɓa makara ba. Shekara guda ya yi yana shirya zango na biyu na aikin, hira da mutum sittin masu otizim. Shi ya tsara tambayoyin, kuma digirinsa na uku a kan hirar ya rataya.

Farfesa ya ci gaba: "Amma mai irin wannan maki ba a tura shi hira da jama'a. Don kare shi ne ma. Ka gane ko, ɗana? Akwai jera fayil, aiki ne da ke son mai tsari irinka."

"Ranka ya daɗe, ni a taro da ƙyar nake..."

"Kun gani ko? Har ya katse ni."

Agogo ya sunkuyar da kai a kan takardun da ya jera. Mataimakiyar Farfesa kuwa, wadda ta karanta zantukan kaf, sai ta gano cewa faratanta na bukatar nazari na musamman. Shi Farfesa jadawalin maki kawai ya duba. Manya ba sa karanta shafi ɗari uku.

Ran Malamar Lissafi ya ɓaci, ɓaci na gaske. A hannunta takardar sirrin lambobin take. Tun tana ƙarama ake ce mata ba ta iya magana ba, komai sai ta yaɓa shi gatsau, har ta koyi haɗiye rabin abin da ke bakinta. Yau ta duba, ta ga ba wurin haɗiyewa.

"Farfesa, ba shi ba ne."

"Dakta, Dakta." Ya yi murmushin da yake ajiye wa masu otizim da ƙananan yara. "Na san kina tausayin ɗan'uwanki. Amma akwai ƙa'ida, ni na rubuta ta. Ba a bayyana lambar kowa a bainar jama'a, sai ga mai ita shi kaɗai, cikin sirri da mutuntawa."

"Haka ne."

"To, mu ba ku wuri, ke da mai lambar." Ya fara tattara takardunsa.

"Kowa ya fita," ta ce. "Farfesa, kai ka zauna."

Mataimakiya ce ta fara kai ƙofa, da saurin da ba a taɓa sanin tana da shi ba. Agogo ya tsaya rungume da jakarsa.

"Har da ni, Dakta?"

"Har da kai. Ka ja mana ƙofa."

Ta ajiye masa takardar sirrin, ta buɗe masa shafin da aka yi minti ashirin da biyu. An tambayi Mai Magana na Huɗu ranar da za a miƙa rahoto, shi kuma ya ba da labarin wani babban taro da ya halarta, inda aka tashi tsaye ana tafa masa. Farfesa ya karanta layi uku ya cire tabarau. Ya goge shi da bakin rigarsa.

"Wannan ma'aunin," ya ce a hankali, "yana da gyara. Ba ya duba yanayi. Mutum kan tsawaita magana don abin yana ransa ne, yana son a fahimce shi. Wannan ba rauni ba ne."

"Abin da muka rubuta maka ke nan, mu ukun, tun watan farko."

"Malam ya ci gaba da shirin hirarsa," in ji Farfesa, kamar bai ji ba. Fuskarsa ta soma washewa. "Ki buɗe sabon babi a rahoton, a kan gazawar ma'aunin. Dakta, wannan babban abu ne, zai girgiza fannin nan gaba ɗaya. Ki rubuta cewa ni na gano."

Ta hango Agogo ta gilashin ƙofa, yana tsaye yana jiran hukunci. Ta ɗaga masa kai alamar an gama, sannan ta jawo littafinta.

"Da wace ranar zan sa ka gano, ranka ya daɗe?"

"Sa ta yau mana."

Ta sa ta yau.