Kududdufin Lungun Kanya

Ina cikin zaure ina fama da wuyan wata riga, keken ɗinki yana ta cin zare, sai mutum ya tare mini hasken ƙofa. Iya 'Yar'azumi ce, matar Baba Mala magini, ƙafafunta duk ƙasa har idon sawu. Na tura mata tabarma, ba ta zauna ba.

"Muhammadu, saura taku huɗu," ta ce.

"Taku huɗun me, Iya?"

"Tsakanin bangon ɗakina da bakin kududdufi. Bara war haka bakwai na auna. Yanzu daga can nake, na bar jakuna biyar ana ɗora musu mangala."

Na sunkuyar da kai kamar zaren ne ya dame ni. Cikin jakunan nan biyar, ɗaya ni na aika.

Lungun Kanya ake ce wa unguwarmu a cikin birnin Haɗejiya, kuma duk wanda aka haifa a cikinta ba ya gajiya da yabonta. Mu ba mu san tafiya ba. Daga ƙofata zuwa masallaci, ko an ta da iƙama sai ka samu raka'ar fari. Rijiya tana gindin kanya, mahauci yana kan kwana, mai kifi kuwa da kansa yake biyo lungu kafin hantsi, tarwaɗa na motsi cikin ƙwarya. Ta kan katanga mata suke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labarin da bai shafe su ba. Lungun ya matse har jakuna biyu ba sa giftawa, don haka ko kuna gaba da mutum dole ya gaishe ka, in ba haka ba ku yi karo. Mutum sai ya yi wata bai leƙa bayan ganuwa ba, kuma bai rasa komai ba.

Har ƙasar gini a kusa take, kuma a nan ciwon yake. Kududdufin yana ƙarshen lungu, a bayan gidan Baba Mala, kuma duk gidan da ke unguwar daga cikinsa ya fito. Kowane rani sai mun yi yaɓe mun ɗaga dokin ƙofa, domin ruwan damina a garin nan ba shi da wurin zuwa. Ƙasar a shimfiɗe take, in kogi ya cika ya tokare, sai lungu ya koma rafi. Akwai ƙasa mai kyau can wajen fadama, amma sawu biyu jaki zai yi a wuni, a kududdufi kuwa ya yi ashirin. Gefen da ya fi danƙo kuma shi ne gefen ɗakin Iya.

"Mangala uku kawai na ce a ɗebo, Iya," na ce, don na san ta gane jakin. "Dakalina ne ya zaizaye."

"Kowa uku yake ɗiba. Ban zo faɗa ba. Ka yi wa Shu'ibu magana, tare kuka yi karatun allo. Ni in na je, da goro yake rufe mini baki."

* * *

Shu'ibu ya samu duniya tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa a Malam Madori, shi ke saya wa Turawan kanti. A ranin nan ya ɗauko ginin bene, na farko a lungunmu, kuma bene ba ya ƙoshi da ƙasa. Na same shi tsaye cikin tubala da aka shanya, sun cika fili har bakin hanya.

Ya saurare ni har na gama, don ba shi da girman kai. "Wallahi Iya uwata ce," ya ce. "A bayanta na yi barci sau nawa? Amma ka duba, Muhammadu, ramin nan tun kakanninmu ake haƙarsa. Ni na fara? In na daina yau, gobe wani ne zai ɗebi wadda na bari. A hana kowa, ni ne farkon bari."

Maganarsa ta yi mini daɗi, don ni ma ita nake faɗa wa kaina. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Da yamma ya aika wa Iya ƙwaryar gero, unguwa ta yi ta sa masa albarka.

Daga nan na biya wurin Baba Mala. Yana zaune a ƙofar zaurensa ya jingina da bango, bayansa ya ranƙwafa tun shekarar da ya faɗo daga kan soro. Asalin iyayensa daga gabas suke, wajen tafkin Chadi, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, kuma babu katangar da ke lungun da hannunsa bai taɓa ba. Ɗiya ɗaya gare su, Gumsu, tana aure a Birniwa.

"Baba, da kai ka yi magana da an ji," na ce.

"Da wane bakin?" Ya juya tafin hannunsa yana dubawa. "Shekara arba'in ina aika jakuna ramin nan. Lokacin da na gina ɗakinta, daga bango zuwa ruwa sai ka yi jifa. Ni na nuna musu gefen da ya fi danƙo. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"To, bangon zai kai baɗi?"

"In damina ta yi sauƙi," ya ce.

Iya ba ta haƙura ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi gida gida, babu inda ba a shimfiɗa mata tabarma ba, babu inda ba a ce mata gaskiya ce da ita ba. Ta kai maganar gaban mai unguwa Inuwa, shi kuma ya sa aka yi shela bayan sallar la'asar cewa an hana haƙa a gefen gidan Mala. Dokar ta yi kwana tara. Ran na goma katangar mai unguwa ta tsage, aka ga jakinsa ya fito da sassafe. Daga nan kowa ya koma ɗiba, sai dai yanzu da wuri ake zuwa, kuma ana gaishe da Iya da ladabi fiye da da.

Har duba-gari ya zo a cikin kwanakin, da hularsa da ludayinsa, yana leƙa randunan mutane. Ya sami 'ya'yan sauro a randar Iya, ya sa aka tuntsurar da ruwan da ta wuni tana ja. Ta kama hannun rigarsa ta kai shi bayan gida, ta nuna masa koren ruwan da sauron unguwa duka ke kwana a ciki, da bakin ramin da ya kusa taɓa bangonta. Ya duba, ya toshe hanci.

"Iya, ni a kan randuna aka aiko ni," ya ce.

* * *

Damina ba ta yi sauƙi ba. A tsakiyarta aka yi kwana uku ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke jiƙa bango har ciki. Indararon kowa yana zuba a lungu, lungu kuma yana gangarawa kududdufi. Mu da muka ɗaga dokin ƙofa muna zaune a busasshen wuri muna kallon ruwa na wucewa.

Ran na uku bayan azahar muka ji ƙarar. Ba ta da yawa, kamar an sauke buhu daga kan raƙumi. Kafin na isa, maza sun cika gidan. Bangon baya ya zame cikin ruwa, rufin ya biyo shi ya durƙusa, azara sun yi cirko-cirko. Allah ya sa Iya tana zaure tana ba Baba Mala kunu. Na same ta tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ruwa na dukanta, tana kallon inda gadonta yake.

A nan kam Lungun Kanya ya nuna halinsa, kuma ba zan rage mana wannan ba. Cikin ruwan muka tono abin da ya tonu. Mata suka kawo zannuwa da tabarmi, aka kafa musu zana a cikin zaure ta raba shi biyu. Daga ranar tukunyar Iya ba ta sake hawa murhu don dole ba, akushi bakwai ke shiga gidan kowace magariba. Mai unguwa ya tsaya a gaban jama'a ya ce da rani ya yi za a yi gayya a ta da mata sabon ɗaki kusa da zaure, da ƙasar tsohon, wadda muka tara mata tsibi guda a tsakar gida. Ya kuma hana haƙar kududdufi, wannan karon da gaske, don yanzu gidan limamin unguwa ne a bakin ramin.

Iya ta riƙe maganar gayyar nan da hannu biyu. Ta lulluɓe tsibin da tsofaffin zana kada ruwa ya wanke shi. In akuya ta hau, da sanda take kore ta.

* * *

Damina ta wuce, aka ce a bari a gama girbi. Aka gama, aka ce a bari a kai gyaɗa. Aka kai, sai ga azumi. Ana cikin haka lokacin yaɓe ya yi, ga kududdufi an hana, ga fadama da nisa, mu kuwa ƙafafunmu ba su saba ba. Kowane magini kuma ya san babu ƙasar da ta kai ta tsohon gini, ta riga ta sha ramno ta kwanta, ruwa kaɗan take so.

Shu'ibu ne ya fara, saura kaɗan ya rufe benensa. Ya je da kansa ya durƙusa gaban Baba Mala, ya ce aro ne, ranar gayya zai sa a kawo ninkinta daga fadama. Baba Mala ya dubi akushin gidan Shu'ibu da ke gefensa, ba a ma wanke ba tukuna, ya ce a ɗiba. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Bayan Shu'ibu sai mai unguwa, sai mahauci, sai na kusa da shi.

Ni na daɗe ina riƙe kaina, na rantse. Amma ruwa ya ci gindin ɗakin maiɗakina, ga ta da tsohon ciki. Na zaɓi lokacin da Iya ta tafi rijiya. Baba Mala bai bari na gama bayani ba, ya ɗaga mini hannu kawai. Ina kora jakin a sawu na ƙarshe muka haɗu da ita a lungu, inda ba a giftawa. Ta raɓe jikin bango da tulu a kanta ta ba jakin hanya.

"Sannu da aiki, Muhammadu," ta ce.

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Kafin ƙaramar salla, tsakar gidanta ta zama fili fetal, sai zana a yashe. Maganar gayya kuwa ba wanda ya soke ta, ba wanda ya sake ta da ita.

* * *

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mijin Gumsu ya aiko da takarkari biyu daga Birniwa a ɗauke su. Zauren ma ya fara tsagewa, kuma Baba Mala ya ce zauren ba zai kai wata damina ba. An ɗora shi a kan kaya tun da hantsi, ya rufe fuska da rawani. Iya ce ta bi gidaje sallama. Lungun duka bai ɗauke ta daɗewar dahuwar shinkafa ba.

Gidana ta shigo a ƙarshe. Ta karɓi jaririyar da aka haifa mana ta yi mata addu'a, ta yafe wa maiɗakina, maiɗakina ta yafe mata, suka yi kukansu. Na rako ta, sai ta tsaya a jikin sabon bangon ɗakin, ta shafa shi da tafin hannu yadda matar magini take yi. Yatsanta ya tsaya a wani wuri. Ta kankare da farce, sai ga ɓallin faranti, fari mai shuɗin baki, ya leƙo daga cikin yaɓen.

"Na jerena ne," ta ce. "Uwata ta manna mini su a bango ranar da aka kawo ni. Goma sha biyu ne."

Na rasa inda zan sa idona. "Bari in ciro miki, Iya."

"Bar shi. In ka cire, ka buɗe wa ruwa ƙofa." Ta gyara mayafinta. "Ƙasar tana da kyau, ka ji. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa yi mini yoyo ba. Allah ya sa ku more ta."

Na ce amin, don ban san abin da ake cewa ba. Muka raka su har gindin kanya, a nan rakiyarmu take ƙarewa, kowa ya koma ƙofarsa.

Kwana biyu ina shiga gida ina fita, kuma duk shigar da zan yi, shuɗin bakin farantin nan nake fara gani. Ran na uku na kwaɓa 'yar ƙasa a tafin hannu na shafe wurin.